Daddawar Dije da Randunan Koriya

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata. Sunanta na yanka Hadiza, amma in ka shiga Lolo kana cigiyar Hadiza sai ka wuni kana yawo. Dije mai daddawa ita kowa ya sani, mu 'ya'yanta kuma mu ce Inna. Ta rasu tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, bayan 'yar gajeruwar jinya. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.

Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan bar Bagudo in je gida a yi mata addu'a, a raba masa, in dawo abina ban dami kowa ba. Bana dai na ce sai na rubuta. 'Yar autata ce ta tunzura ni. Ta zo hutu daga makaranta a Birnin Kebbi, wayarta cike da finafinan Koriya, rannan muna cin tuwo sai ta dube ni ta ce, "Baba, wai da gaske ka taɓa cin kimchi?" Na ce na ci har ya ishe ni. Sai ga yarinya tana kallona da wani girman da ban taɓa samu a wurinta ba. Wai ƙawayenta har saƙo suke bayarwa a sayo musu daga Abuja. Kabeji ne fa, aka cuɗa shi da gishiri da barkono da tafarnuwa, aka bari ya yi tsami. Na dubi miyar kukar da ke gabanta, wadda daddawar gidan kakarta ce ta ɗaure ta, na ce a raina, lalle akwai labarin da yaran nan ba su sani ba.

Inna gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Ina yaro "kai wanga" nake. Da na kama aiki a sashen gona na zama "Malamin gona", kuma yadda take jan sunan kai ma ka san da zolaya a ciki. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana. Da daddawa ta ciyar da mu, da ita ta yi mana sutura, da ita na yi karatu. Rigar makarantata ba ta taɓa rabuwa da ƙanshin gidanmu ba, kuma in yara suka yi mini tsiya na kawo ƙara, sai ta ce in koma in tambaye su miyar wa uwayensu suka sha jiya.

Aikin daddawa ba na rago ba ne. Da bazara in ɗorawa ta nuna, Inna takan tara kalwa, wato ƙwayar ɗorawar, ta cika rumbu. Kalwa kuwa tauri gare ta kamar tsakuwa. Sai an dafa ta a babbar tukunya har itace ya kusa ƙarewa, a juye a turmi a surfa da yashi don baƙin ɓawon ya saki, a kai bakin ruwa a wanke, a sake dafawa sama-sama, a tsane a kwando. Duk wannan kowa na iya sa hannu. Amma daga nan aiki ya koma wani ɗan ɗaki a ƙuryar gida, mara taga, kuma Inna kaɗai ke shiga. A ciki akwai masakanta, manyan ƙorai da suka yi baƙi ƙirin don tsufa, wasu an ɗinke tsaguwarsu fiye da sau ɗaya. Ta zuba kalwar da zafinta, ta barbaɗa toka, ta rufe da faifai, ta lulluɓe da tsofaffin buhuna da tsummoki, ta ja ƙofa. Ranar da za ta buɗe, unguwa ba ta bukatar a gaya mata. Sai ta kirɓa, ta mulmula, ta daddanna da tafin hannu, ta shanya a kan tabarma.

Masakan nan ba su taɓa ganin sabulu ba. In ta kwashe daddawa sai ta share cikinsu da hannu ta kife. Wanda ya nufe su da soso kuwa ya sha faɗa. "Ku bar mini kayana," iyakar bayaninta ke nan. Mu dai mun ɗauka rowar sabulu ce, ko kuma taurin kai irin na tsofaffi, muka bar ta da halinta.

Ranar kasuwar Lolo ba ta talla. Ta baza faifanta a inuwa ta zauna, masu saye su same ta. Mata daga Lafagu, Fulani masu nono, Dendawa daga tsallaken iyaka cikin Benin, masu tuwon sayarwa daga Bagudo, kowa da ɗan ƙunshinsa. Kafin azahar ta kaɗe zane ta tashi. Lokacin da dunƙulen kanti ya cika gari mata suka koma kansa, na taɓa tambayarta ko ba ta jin tsoro. Ta ce abin da sai an naɗe shi a takarda mai ƙyalli kafin ya fito kasuwa, ai bai yarda da fuskarsa ba ne. Ban taɓa ganin ranar da ta ji kunyar sana'arta ba, ko gaban wa.

Ƙanwata Balki ita ce ta gaji aikin. A Lafagu ta yi aure, da mijinta ya rasu ta dawo gida, shekara guda kafin rasuwar Inna. Ta kama dafuwa da surfe da wanki, amma ɗakin nan ba ta kai ga shigarsa ba, don Inna tana ganin da sauran lokaci.

To, a wurinmu in mace ta rasu, kafin a fito da kayanta gaban malamai don rabon gado, sai matan gida sun wanke su tas. Kwanuka, tukwane, zannuwa, har muciya. Abin kunya ne a shimfiɗa kayan uwa a tsakar gida da dauɗa, a ce ta bar 'ya'ya ƙazamai. Ga addu'ar arba'in ta matso, ga baƙi za su zo daga ƙasashe biyu. Balki da matan 'yan'uwanmu suka ɗaura ɗamara. Suka shiga ɗan ɗakin, suka fito da masakan, suka jiƙa su da ruwan zafi da garin sabulu, suka dirje su da soso da yashi har asalin launin ƙwarya ya fito, suka shanya su a rana. Buhunan da tsummokin aka ƙone. Ɗakin aka share, aka shafe shi da farar ƙasa. Ranar rabon gado mata sai sa albarka suke, ana cewa Dije ta haifi 'ya'ya na gari. Don ƙauna aka yi, ba wanda zai ce ba haka ba.

Da aka share makoki Balki ta ɗora tukunya. Ta yi komai yadda ta ga ana yi. Daddawa ta fito, ba a ce ba ta fito ba, amma ba ita ba ce. Wani zubin ta ƙi nuna da wuri, wani ta yi ɗaci, wani ta yi wani irin wari mai hawa kai wanda ba ya komawa ƙanshi a cikin miya. Masu saye suka yi kara na ɗan lokaci don darajar Inna. Daga baya sai su tsaya su yi gaisuwa, su shinshina, su ce za su zagayo, ba kuwa za su zagayo ba. Balki ta canza kalwa, ta canza itace, ta canza wurin ɗiban ruwa. Masu ba da shawara suka yi ta kawowa: wannan ta ce baki ne, waccan ta ce a nemi rubutu, wata ta ce ai hannu ne, wani hannun ba ya karɓar daddawa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi zama a zuciyar Balki. Shekara uku tana wannan fama, har ta kai ta gaya mini in kalwar da ke rumbu ta ƙare ta daina, za ta koma sayar da gishiri da dunƙulen kanti. Sunan Dije mai daddawa zai fita daga kasuwar Lolo ke nan, kuma ita tana ganin ita ta kashe shi.

Ana cikin haka aka tura mu kwas na noman shinkafa a Koriya ta Kudu, mu 'yan kaɗan. Ni da ban taɓa wuce Kwatano ba. Maganar shinkafa na bar ta sai wani jiƙon, abincinsu nake so in faɗa. Saboda tsoron naman alade, shinkafa da kifi da ganye na riƙe. Amma ko me ka ce a kawo maka, sai an ajiye ɗan faranti na kimchi a gefe, da safe, da rana, da dare. Kuma ba ajiyewa kawai ba, tsayawa suke su ga fuskarka in ka kai baki. Duk ɗan Koriyar da na haɗu da shi, in ya tambayi ƙasarmu, tambaya ta biyu ita ce ko na ci kimchi, kuma yaya na ji. In ka ce da daɗi sai ka ga dattijo yana murna kamar ka yabi ɗansa. Firji na musamman gare su don shi kaɗai. In sanyi ya kusa shiga kuma dangi da maƙwabta kan taru a yi na shekara gaba ɗaya, irin gayyarmu ta noma, a rarraba har ga marasa hali.

Cikin malamanmu akwai wani dattijo, Mista Han, mai sanyin hali, da shi muka fi sabawa. Shi ya gaya mini ba haka abin yake da can ba. Ya ce yana saurayi ya yi karatu a ƙasar Turawa, kuma a bayan taga yake ɓoye 'yar kwalbar kimchinsa, cikin sanyi, don mai gidan hayar ta ce yana ɗoyi. In ya ci sai ya wanke baki ya sake wankewa kafin ya shiga aji. Yau ga shi jikokin masu toshe hancin nan suna bin kantuna suna nemansa, masu dafa abincinsu suna koyar da shi a talabijin. Yana faɗa yana dariya, amma dariyar wanda aka daɗe ana yi wa gori ce.

Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci. Wani cikinmu ya ce ya ji an ce asalin abin daga wata maƙwabciyar ƙasa yake. Mista Han ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, fuskarsa ta yi ja, ya yi mana bayanin da ya fi na shinkafa tsawo. Daga baya muna tafiya ya ce mini alfaharin nasu da tsoro a cikinsa. Wanda ake sayarwa a waje an zuba masa sukari an rage yaji don ya dace da bakin baƙi. Gidajen abinci da yawa a ƙasar tasu ma na arha suke sayowa daga waje. 'Yarsa ta cikinsa ba ta iya yi ba, a kanti take saye. Ya ce duniya ta san sunan, amma bai tabbata ta san ɗanɗanon ba, kuma yana gudun ranar da su ma sunan kaɗai zai rage musu.

Wani ƙarshen mako ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu in gaida mahaifiyarsa. A hanya yana ta ba ni haƙuri, wai tsohuwa ta dafa wata miyar waken suya da aka ruɓar, ko 'yan ƙasar ba kowa ke iya zama kusa da ita ba, in ban iya ba kada in tilasta wa kaina. Muna cire takalma a bakin ƙofa iskar ɗakin ta buge ni. Na tsaya cak. Warin ɗakin Inna ne, ranar buɗe masakai, ba ragi. Ni da furfurata, a ƙasar da ba wanda ya san sunan garinmu, sai ga hawaye. Kewar uwata ta kama ni irin wadda ban ji ba ko ranar da muka binne ta. Mista Han ya zaci warin ne ya dame ni, ya fara neman buɗe taga. Na ce ya bari, wannan sana'ar mahaifiyata ce. Na sha miyar nan kwano biyu, tsohuwa tana tafa hannu.

Da ya fassara mata abin da na ce, sai ta kama hannun rigata ta ja ni bayan gida. Tsohuwa ce tukuf, ta ranƙwafa, amma akwai ƙarfin hannu. Randuna ne jere a kan dakali, baƙaƙe, kowace da murfinta, cike da kayan miyarsu na waken suya. Ta dafa wata ta ce wannan uwar mijinta ta bar mata, ita ma gada ta yi. Ba a taɓa bari ta ƙare ƙarƙaf ba, kuma duk shekara sai an ɗebi na cikinta an zuba a sabon haɗi. Na ce a tambaye ta, in aka wanke randar da sabulu fa? Ta dube ni kamar na ce a sa wa gidan wuta. Ta ce wanda ya yi haka ya kori ɗanɗanon gidan, sai dai ya je ya yi aro a wani gida. Mista Han ya ƙara da cewa ƙananan halittun da ke ruɓar da waken a jikin randar suke zaune, a 'yan kafofinta, kuma na kowane gida daban ne.

Ban ji sauran hirar ba. Masakan Inna nake gani a tsakar gida, an dirje su fes, suna shan rana.

Da na dawo ko Bagudo ban kwana ba, na wuce Lolo. Na sami Balki tana tankaɗe, na zauna na kwashe labarin randunan na gaya mata. Na zaci za ta yi murna ta ji ba hannunta ne da laifi ba. Sai ta ajiye rariya ta ce, "Yaya, ashe da hannuna na wanke Inna daga gidan ga." Ta yi kuka mai yawa. Na bar ta ta yi, sannan na tambaye ta ko akwai abin da ya tsira, ko faifai ɗaya, ko tsumma. Ta ce babu, ai sun yi aiki tsakani da Allah. Har na miƙe sai ta ce in tsaya. Ta tuna wata shekara da ruwa ya yi ambaliya tana budurwa, ya cinye ɗakin wata ƙawar Inna, Hamsatu, Badendiya mai daddawa a wani ƙauye cikin Benin. Inna ta cika masaki biyu da kalwa mai zafi, ta lulluɓe, ta ɗora wa Balki ɗaya a ka ta ɗauki ɗaya, suka kai mata a ƙafa. Ba a dawo da masakan ba, Inna kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Washegari muka hau babura. Iyakar nan a wajenmu hanya ce tsakanin gonaki, in ba an gaya maka ba ba za ka san inda Najeriya ta ƙare ba. Muka sami Gwaggo Hamsatu a raye, ta tsufa, ido ya yi rauni, amma baki na nan. Ta shafa fuskar Balki ta ce ɗiyar Dije ce. Da muka faɗi abin da ya kawo mu, faɗa ta fara yi. "Shekara uku kuna wahala, ba wanda ya tuna ina da rai? Sabulu kunka sa musu? Wa ya aike ku?" Balki ta sunkuyar da kai. Ni kuma don in sassauta zancen na ce, "Gwaggo, kayan Najeriya munka zo ɗauka, a ba mu abinmu." Ta juyo inda muryata take ta ce, "Malamin gona, kakar Dije daga garin ga anka kai ta Lolo amarya, da masakinta a kai. To gaya mini na wace ƙasa ne." Na tuna Mista Han da jan fuskarsa, na yi dariya.

Ta sa aka buɗe mana ɗakinta. Ɗaya daga masakan Inna ya daɗe da fashewa, ɗayan yana nan, baƙi ƙirin, ɗinki a kan ɗinki. Sauran masakan da ke jere ta ce duk 'ya'yansa ne, daga jikinsa suka kama. Balki ta durƙusa ta sa hannu biyu ta shafa shi, ta ce a ba ta. Gwaggo ta ce a'a. Masakin da ke aiki ba a ɗaure shi a bayan babur kamar kaza, kuma in ya fashe a hanya an yi biyu babu. In Balki da gaske take, ta koma ta sayo sababbin masakai, ta zo da kalwarta da buhunanta, ta zauna. Za a riƙa zuba kalwa a tsohon, in ta fara kamawa a juye a sababbin ta ƙarasa a can, a yi ta maimaitawa har su sha. Ta ce ba za ta faɗi ranar gamawa ba, hancinta ne zai faɗa.

Balki a lokacin ta ba hamsin baya, tana da jikoki. Ta koma ta yi zaman 'yar koyo a gidan tsohuwar nan, tana surfe, tana ɗiban ruwa, tana shan faɗa, har wata ya mutu wani ya tsaya. A can ta koyi abubuwan da Inna ba ta kai ga nuna mata ba: yawan tokar, da zafin da kalwa za ta kasance da shi kafin a rufe, da yadda ake sa hannu ƙarƙashin buhu a ji ko ta yi gumi. Da Gwaggo ta sallame ta, a ka ta ɗauko masakan, a ƙafa, lulluɓe cikin buhunan da suka kwana a ɗakin. Ta ƙi babur.

Ina gida ranar da ta buɗe zubin farko. Da hantsi ne, ina zaune a zaure. Ba ta kira kowa ba. Sai na ji abin ya taso daga ƙuryar gida ya cika tsakar gida ya fita titi. Ban motsa ba. Jim kaɗan sai ga tsofaffin unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya aika musu, wata da carbi a hannu, wata da hannun dawo ba ta ko wanke ba. Suka tsaya bakin ɗan ɗakin. Sai wata ta fara, "Allah shi jiƙan Dije," sauran suka amsa, aka koma yi wa Balki gaisuwa sabuwa fil kamar jiya aka yi rasuwar. Ranar kasuwa kafin azahar ta kaɗe zane ta taso.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga yau. Daddawar gidanta yanzu har Legas da Abuja ake aikawa a mota, matafiya kuma kan ƙulla ta cikin kaya su kai wa 'yan'uwanmu da ke ƙasashen waje. Saƙon ma ta waya yake zuwa. Na san za ta ji daɗi, ko da ba za ta nuna ba. Na kuma san za ta yi tsaki in ta ji masu cewa a niƙa musu ita gari a ɗaure a leda biyu don kada ta yi wari a jaka. Za ta yi faɗa in ta ga itatuwan ɗorawar da ake sarewa ana gawayi, don kalwa ba a kanti ake ƙera ta ba. Mutanen Koriya kuwa ina jin da sun burge ta. Da ta ji labarin tsohuwar nan da randunanta, cewa za ta yi waɗannan sun san darajar uwayensu, a kai musu daddawa su ɗanɗana.

Ni abin da na gani a can, duniya ba ta fara son abincinsu ba sai da ta tarar su suna sonsa. Lokacin da ake toshe musu hanci ba su daina yi ba, a bayan taga ma sun ajiye abinsu. Mu kuwa har yanzu akwai gidajen da in za a yi baƙi na ganin ido sai a ɓoye daddawa a jefa dunƙule, wai don kada a raina su. Ba na cewa sai Turawa sun yi layi a kan daddawa sannan ta zama abin alfahari. Inna ba ta jira kowa ba. Ba ta san ana wata ƙasa Koriya ba, ba ta taɓa riƙe tutar Najeriya ba, amma ban san wanda ya fi ta yarda da abin da ƙasar nan ke fitarwa ba. Ina alfahari da ita, ina alfahari da cewa da warin ɗakinta aka yi mini karatu, kuma ina faɗa da babbar murya.

Zannuwanta sun tsufa a jikin waɗanda suka gada. Kwanukan da aka wanke aka raba, yau ban san inda ko ɗaya yake ba. Gwaggo Hamsatu ma ta bi ta bara waccan, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Abin da ya rage na Inna yana cikin ɗan ɗakin nan mara taga, a jikin masakan da ba ta taɓa gani ba, yana aiki a duhu, kuma gidajen da ba su san fuskarta ba suna shan sa a miya kowane dare.

Bana bayan an shafa addu'a, maza sun watse, Balki ta tara matan gidan a tsakar gida, surukai da 'ya'ya da jikoki. 'Yarta ta biyu, wadda yanzu take shiga ɗakin tare da ita, tana tsaye a gefenta. Ina daga zaure ina jin su. Ta nuna musu ƙofar ɗakin, ta ce su dube ta da kyau, kuma wadda ba ta nan a gaya mata. Sannan ta ce, "Ranar da Allah ya karɓi raina, ni ɗai za ku wanke."